Koyar da Karatu da Rubutu a Hannun Gari: Sabon Birni da Isa

Koyar da karatu da rubutu a hannun al'umma tsari ne da mutanen gari da kansu ke nemo malami, su ba shi wurin zama, su tsai da lokacin darasi, su kuma ɗauki nauyin cinsa da shansa. Hukuma na iya kawo littafi ko horo ko ɗan alawus, amma ragama tana hannun iyaye da masu unguwa da malaman zaure. A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, a gabashin Jihar Sakkwato, wannan tsari ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba, kuma har yau ta hannunsa mafi yawan yara ke fara ganin harafi.

Yankin yana bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, inda ruwan Gulbin Maraɗi da na Bunsuru da na Gagare ke haɗuwa ya zama Gulbin Rima. Ƙidayar 2006 ta ba Sabon Birni mutum sama da 200,000, Isa kuma kusan 150,000, galibinsu manoman gero da dawa da wake a tudu, da masu noman rani a fadama. Nan ce tsohuwar ƙasar Gobir. Kufan Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a ƙarni na 18, wanda mayaƙan jihadi suka ci a 1808, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni, ita kuwa sarautar Isa ta zauna a gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Garuruwan biyu sun fito daga ɓangarori biyu na yaƙi, amma allo iri ɗaya yaransu suka riƙe, da ƙira'ar Warshu iri ɗaya.

Makarantar allo ba ta jiran gini. Zauren malam ya isa, ko rumfar ƙofar gida, ko gindin darbejiya. Kayan aikinta duk a daji da kasuwar ƙauye ake samunsu: allon itacen aduwa, alƙalamin kara, da tawadar gawayi da ƙaro wadda ruwa ke wankewa. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar da kunne yake farawa. Yana zaune a gefen yayyensa, yana amsa abin da ake biya masa, har ya riƙe Fatiha da ƙananan surori tun bai san baƙi ko ɗaya ba. Daga nan sai a shiga babbaƙu, wato haruffa tsura ba wasali. A nan ne hikimar malaman da ta fi bayyana, domin sun sa wa haruffan Larabci sunayen Hausa da ke zana siffarsu a idon yaro. Wanda ke da tsayayyen layi a bayansa shi ne ɗa mai hannu. Wanda bakinsa ke buɗe shi ne an baki wofi. Akwai ba guje, da ha kuri, da nun guda, da lam ara, da kaf lasan. Yaron da bai san kalmar Larabci ko guda ba ya san hannu, ya san baki, ya san gudu, don haka sunan kan manne masa tare da siffar.

Bayan babbaƙu sai farfaru, inda ake ɗora wasulla: na bisa, na ƙasa, rufu'a, da ɗauri mai tsai da harafi. Yaro ya ambaci harafi, ya ambaci wasalinsa, ya furta abin da suka bayar, ya haɗa da na gaba har kalma ta tashi. Da farko malam ko wani gardi ne ke rubuta masa allon. Ya biya masa, ya koma gefe ya yi ta maimaitawa da ƙarfi yana bin rubutun da yatsa, in ya iya sai a ba shi izinin wankewa, a shanya allon a rana, a yi masa ƙari. Sannu a hankali sai a miƙa masa alƙalami ya riƙa kwaikwayon rubutun da kansa, yana duban takarda.

Mai kallo daga waje hayaniya kawai yake ji, yara talatin kowa na rera nasa. A cikin hayaniyar nan kuwa akwai tsari. Kowane yaro yana kan allonsa, ba ya jiran kowa, ba kuma a ja shi gaba don shekara ta zagayo. Mai saurin ganewa ya wuce, mai nauyin kai ya kwana uku a kan layi biyu, ba wanda zai ce ya faɗi jarrabawa. Malam ɗaya yana iya riƙe yara masu yawa saboda ba shi kaɗai ke koyarwa ba: gardi na biya wa titibiri, titibiri na duba kolo. Lokacin zama kuma ya bi rayuwar gari, da sassafe, da la'asar, da dare a bakin wutar kara, a huta Alhamis da Juma'a. Ladan malam na zuwa ta kuɗin Laraba, da damin hatsi in an yi girbi, da taimakon noma a gonarsa da damina. Ba albashi ba ne mai yawa, amma ba ya jiran sa hannun wani a Sakkwato.

Tsarin yana da rauninsa, kuma bai kamata a rufe shi ba. Yaro na karanta harshen da ba ya ji, saboda fassara da ma'ana sai ya kai makarantar ilimi, inda ake karanta su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, kuma kaɗan ne ke kaiwa can. Da yawa suna barin allo sun iya biyawa amma hannunsu bai faɗa da rubutu ba. Bulala ta yi yawa a hannun wasu malamai. Yaran da aka tura gabas da ƙoƙon bara kuwa sau da yawa yunwa ce ke cinye musu lokacin karatu.

Duk da haka, wanda ya ƙware a babbaƙu da farfaru ya riga ya mallaki mabuɗin ajami, wato rubuta Hausa da haruffan Larabci. Abin mamaki shi ne ba a cika koyar da ajami a matsayin darasi ba, mutum ne ke tsintarsa da kansa, ya rubuta wasiƙa zuwa ga ɗan'uwansa da ke ci-rani, ko ya ajiye lissafin bashi a bayan littafi, ko ya karanta waƙoƙin wa'azi da ake sayarwa a kasuwa. A shekarun 1980 kamfanin Triumph na Kano ya riƙa buga jaridar Alfijir da ajami. An cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, amma yana nan a kan 200 da 500 da 1000, kuma da shi mutane da yawa ke tabbatar da abin da aka miƙa musu. Ajami ya ma fi boko a wuri ɗaya: yana nuna dogon wasali. A boko, gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, sai mai karatu ya duba jimla ya gane. A ajami ana sa wa na tuwo alif. Inda ya gaza shi ne rashin ƙa'ida ɗaya da kowa ya yarda da ita, kowane malami da yadda yake rubuta tsa da ca da ɓa.

Ta ɓangaren mata, misali mafi girma shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi, ƙauyuka sun cika da matan da ba su da hanyar zuwa gaban malami, cikinsu har da Gobirawa da yawa da yaƙi ya raba da gidajensu. Asma'u ta zaɓi dattijan mata masu mutunci daga ƙauyukan, ta naɗa kowace a matsayin jaji, sunan da ake kiran jagoran ayarin fatake da shi. Jaji kan taho da tawagarta ta tsofaffi da 'yan mata, su karɓi karatu, su koma su isar wa matan aure a cikin gidajensu. Su ne 'yan taru. Alamar naɗin ita ce malfa, kuma Jean Boyd, wadda ta shafe shekaru tana bin tarihin Asma'u a Sakkwato, ta nuna cewa malfa alama ce ta Innar Gobir, babbar mace ta fadar Gobir kuma shugabar bori. Asma'u ta ɗauki abin da matan ƙasar suka riga suka sani suke girmamawa, ta ɗora masa sabon aiki. Karatun 'yan taru galibi na baka ne, waƙoƙin Hausa da Fulatanci da ake haddacewa. Amma ya kai rubutaccen ilimi har cikin ɗakin matar ƙauye ta hannun mace 'yar ƙauyen, kuma ya ci gaba bayan rasuwar mai shi.

Boko ya shigo ta ƙofar hukuma. Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, amma a ƙauyukan Lardin Sakkwato masu karanta boko 'yan ƙalilan ne har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa. Shirin ya yi dabara da ya ɗauki malamansa daga cikin gari. Duk wanda ya iya karatu da rubutu, ko ɗan kasuwa ne ko malamin asibiti ko wanda ya gama elemantare, ana iya ba shi ɗan horo da allon bango da alli, ya tara magidanta da yamma a ƙofar fada ko gindin bishiya, En'e ta ba shi ɗan ihisani. Da gaɓa ake koyarwa, ba be bi bo bu, sannan a haɗa gaɓoɓi su ba da kalma, wanda ya gama a ba shi takardar shaida. Masu shirin sun kuma gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba zai manta. Saboda haka hukumar NORLA da ke Zariya ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha har zuwa 1959, da jaridun larduna: Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano.

Kuskuren shirin yana cikin sunansa. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, an sa shi a layin jahilai don bai san a b c ba. Wannan ya ɓata wa malaman zaure rai, ya kuma sa aka fara da mutane daga tushe alhali sun riga sun san cewa harafi da wasali ke ba da gaɓa. Har yau fom ɗin hukuma da ke tambaya ko mutum ya yi makaranta, makarantar boko yake nufi.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba. An kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, da ta ilimin manya ta ƙasa a 1990, sannan a Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a 1999. Gine-gine sun ƙaru, sunaye sun cika rajista. Da aka zo aka zauna da yara ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2010, aka miƙa musu takarda da Hausa, sai aka tarar mafi yawan 'yan aji biyu da aji uku da aka gwada a makarantun gwamnati na Jihar Sakkwato ba sa iya karanta ko kalma ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa, amma malami ba shi da littafin Hausa, ba a kuma taɓa koya masa yadda ake koyar da karatu ba. Abin da ya sani shi ne ya rubuta jimla a allo, yara su amsa da baki ɗaya.

Daga wannan ne sababbin shirye-shirye suka taso. Daga 2015 wani shiri da hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi ya shigar da littattafan Mu Karanta! a azuzuwan farko na wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Bauchi, ya kuma buɗe cibiyoyin karatu a unguwanni don yaran da ba sa zuwa makaranta, masu koyarwa 'yan unguwar. A Katsina da Zamfara shirin RANA, ƙarƙashin UNICEF, ya yi irin wannan aiki, har a makarantun allon da suka yarda a ƙara musu karatun Hausa da lissafi. Hanyar a taƙaice ita ce a koyar da sautin harafi, a haɗa shi da wasali, a gina kalma, a karanta gajeren labari da aka tsara da haruffan da aka riga aka koya. Malami ya yi, su yi tare, yaro ya yi shi kaɗai. Hausa ta dace da wannan hanya ƙwarai, domin wasullanta a rubuce biyar ne, gaɓarta gajeriya ce, kuma kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta. Wata hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, aka kuma gwada a Borno da Kano, ita ce a gwada yara a raba su gwargwadon abin da suka iya maimakon shekarunsu: masu harafi gefe, masu kalma gefe, masu labari gefe. Duk wanda ya zauna a makarantar allo zai ga sanannun fuskoki a nan, domin biyawa da farfaru da bin matakin kowane yaro ne suka dawo da sabon suna. Mai koyarwar da ya faɗa wa yaro cewa b da a daidai suke da ba da wasali bisa, sai dai ana farawa daga hagu, ya rage masa rabin tafiya.

Akwai wani cikas da ya shafi wannan yanki musamman. Daidaitacciyar Hausa ta littafi a kan karin Kano aka gina ta, yaron Gatawa ko Turba kuwa Gobiranci ya tashi da shi. Shi sunka tahi ya sani, littafi ya ce suka tafi. Yana cewa biyat, a rubuce biyar ce. Hwari yake furtawa, fari aka buga. Yana tambaya da mi, littafi na tambaya da me. Yaro mai ƙoƙari zai haɗa haruffan daidai, ya furta kalmar, ya tsaya yana jiran ta zama abin da ya sani. Malamin da aka turo daga nesa yakan ɗauka yaron ne ya yi kuskure, ya tsawata masa. Ɗan gari kuwa ya san inda gizo ke saƙa: ya karɓi furucin yaron, ya nuna masa yadda littafi ke faɗa, ya bar shi ya riƙe duka biyun. Haruffa masu lanƙwasa ma sai an zauna a kansu, don kafa daban ƙafa daban, haka bata da ɓata, baki da baƙi. A tsallaken iyaka akwai ɗan bambancin ƙa'ida, inda Nijar ke rubuta ƴ a wurin 'y ta Najeriya.

Lokaci da lada su ne ke raya ajin gari ko su kashe shi. Da damina kowa yana gona. Bayan kaka samari da yawa sun tafi ci-rani, masu fadama kuma sun shiga ban ruwan albasa, don haka rani ma ba hutu ba ne ga kowa. Ranar kasuwa ba a zama. 'Yan mata na talla da hantsi, kuma kuɗin tallan na cikin lissafin gida da na kayan ɗaki, saboda haka ajin da aka sa a lokacin ba zai gan su ba, sai an zauna da iyaye mata an daidaita. Matan aure sun fi samuwa a makarantun Islamiyya na dare ko na ƙarshen mako, a gidan da mazajensu suka amince da shi, a gaban malama mace, kuma a irin waɗannan makarantu mata da yawa suka fara riƙe biro. Game da lada, ajin da ya dogara kacokan da alawus daga waje yakan watse bayan alawus ya tsaya. Shirye-shiryen agaji duk masu wa'adi ne, ita kanta USAID gwamnatin Amurka ta rufe ta a 2025. Inda kwamitin iyaye ya saba haɗa wa mai koyarwa wani abu, ko kwanon gero ne, ajin ya fi daɗewa.

Rashin tsaro ya gwada duk waɗannan hanyoyi gwaji mai tsanani. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe gomman mutane a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini ɗaya, dubbai suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji a Jihar Maraɗi. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Isa da Sabon Birni. Makarantun ƙauyuka da yawa sun rufe, malaman da ba 'yan garin ba sun daina zuwa, wasu azuzuwan cikin gari suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Malamin allo kuwa tare da jama'arsa ya gudu, kuma inda aka sauka nan ake shimfiɗa buzu a ci gaba. Yaran da suka tsallaka sun tarar da makarantar gwamnati da Faransanci, duk da cewa Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram. Abin da bai sauya musu ba a ɓangarorin biyu shi ne allo da Hausa, kuma a kansu ne duk wani ajin wucin gadi na 'yan gudun hijira zai fi saurin tsayawa.

Saura abin karantawa bayan an iya. A shekarun 1980 da 1990 littattafan soyayya na Kano, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, sun sa mata da yawa neman iya karatu don su daina jiran mai karanta musu, kuma littafi ɗaya kan zagaya gidaje goma ta hanyar aro da haya. Yanzu waya ce ta hau wannan gurbi. A wani gwaji da aka yi a azuzuwan manya na ƙauyukan Doso da Damagaram wajen 2009 da 2010, an koya wa wasu ɗalibai amfani da ƙaramar waya tare da darasinsu, kuma sun fi sauran riƙe abin da suka koya, saboda suna da dalilin duba haruffa kullum: neman suna a waya, aika saƙo ga ɗan da ke ci-rani, tambayar farashin hatsi a wata kasuwa. Saƙon murya na WhatsApp ya rage wannan buƙata, tun da mutum na iya magana ba tare da rubutu ba. Amma saƙon shigar kuɗi, da takardar asibiti, da rubutun jikin maganin feshi, da sunan da ke kan katin rabon abinci a sansanin gudun hijira, duk sai an karanta su, kuma masu koyar da manya kan fara darasi da irin waɗannan takardu da ɗalibi ya zo da su a aljihunsa.